Babi na Shida: Wasan da Ba Shi da Uban Gida

Gardamar wa ya fi wa iya dara ba ta daɗewa, domin ƙasa ce ke raba ta. A share wuri, a tona gurabe, a zuba, kafin ladan ya kira magariba an san gwani. Wadda ba ta ƙarewa ita ce gardamar doka. Mutum ya matsa ɗansa, ya miƙa hannu zai ci, abokin karawarsa ya riƙe masa wuyan hannu ya ce wannan ba ci ba ne. Shi kuma ya dage cewa a garinsu ci ne, haka ya buɗe ido ya ga manya suna yi. Kowannensu gaskiyarsa yake faɗa, kuma babu littafin da za a ɗauko a buɗe, babu ofishin da za a kai ƙara. Ƙwallon ƙafa tana da hukumar da ke zama duk shekara ta duba dokokinta. Dara ba ta da kowa sai masu yin ta.

A ƙasar Zango abin ya fi fitowa fili saboda inda Allah ya ajiye garin. Ƙaramar hukuma ce a masarautar Daura, can arewa maso gabashin Jihar Katsina, tana iyaka da jihar Damagaram ta Nijar. Mutanen tsallake dangi ne, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna, kuma ba abin mamaki ba ne a ga falke daga wajen Magarya ko Matamai ya yada zango a Yardaje. Da zarar an kai gero rumbu, rani ya kama, aiki ya yi sauƙi, sai gindin bishiya ya cika bayan la'asar. A nan hannaye daga garuruwa dabam-dabam ke haɗuwa a fili ɗaya, kowa ɗauke da dokar da ya taso a cikinta.

Maganar tamu a kan darar jeri ce, ba wadda ake zagaya gurbi 12 da 'ya'ya hurhuɗu ba. Akwai ginshiƙin da kowa ya amince da shi. Mutum biyu ke yi. Ana tona gurabe layi-layi, galibi layi biyar mai gurbi shida-shida, 30 ke nan. Kowa na riƙe da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara, don kada su cakuɗe. Da farko zubi: kai ka sa ɗaya, ni in sa ɗaya, har hannu ya ƙare. Sannan tafiya: ɗa yana matsawa gurbi ɗaya tak, gaba ko baya, dama ko hagu, ba ya karkacewa, ba ya tsallake kowa. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku ya faɗi, tunda ba shi da sauran abin jerawa.

Daga nan hanya ta rabu. Girman filin ma ba a daidaita a kansa ba. Idan gurbi 30 ne, aka zuba 'ya'ya 24, saura gurbi shida kacal babu kowa, kashi ɗaya cikin biyar na filin. Wuri ya cushe, motsi ya yi tsada, don haka mafi yawan wasan tun a zubi ake gama shi. Gwanin irin wannan fili shi ne mai dogon lissafi, wanda zai ajiye tsakuwa a wani gurbi da kowa ke ganin ba shi da amfani, sai can an yi nisa a gane ƙofa ya toshe. Amma akwai masu tona shida sau bakwai, gurbi 42. Da 'ya'ya 24 ɗin dai, sai 18 su rage a buɗe, kusan rabin fili. A nan kuskuren zubi ba ya kashe mutum nan take, akwai sararin gyarawa, kuma mai saurin ido ya fi mai dogon lissafi cin riba. Ƙarin gurbi 12 kawai, amma tsohon da ba a taɓa kayarwa a ƙaramin fili ba yana iya shan kashi a hannun saurayi a babba.

Sai maganar zubi. Kowa ya yarda ba a ci kafin a gama zubawa. Wasu sun tsaya a nan: jera ukunka in ka ga dama, ba dai za a ba ka komai ba. Wasu kuwa sun ce ko jerawar ba a yarda ba, dole ka nemi wani gurbin. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin wanda aka bari ya shiga tafiya da jeri a hannu abin da zai yi kawai shi ne ya fitar da ɗa ɗaya ya mayar, ya ci. Haka huɗu a jere. Kusan ko'ina an ce huɗu ba ci ba ne. To amma an yarda su tsaya a hakan? In an yarda, mutum ya janye na gefe ɗaya, uku suka rage a miƙe, ya jera ke nan ko bai jera ba? Wannan tambaya ita kaɗai ta isa ta tashi majalisa, kuma a ganina duk amsar da aka bayar tana da hujja, shi ya sa ba ta mutuwa.

Inda doka ta fi yin tasiri shi ne a kan abin da wasu ke kira doki. Ka ɗauki 'ya'ya biyar. Biyu suna layin sama, biyu suna ƙarƙashinsu daidai a layin da ke biye, na biyar yana gefe ya cika jerin ƙasa. Ka tura shi sama, ya cika jerin sama, ka ci. Ka dawo da shi ƙasa, ya sake cika na ƙasa, ka ƙara ci. Kowane motsi ci ne, kuma mai dokin zai fara da cinye duk ɗan abokin karawa da ke kusa da gurbin da yake bari, don kada a shige masa ciki. Wanda aka kafa wa doki hanyar tsira ɗaya gare shi: shi ma ya jera uku a wani wurin, ya samu damar cire ɗa ɗaya. To wanne zai cire? A majalisar da ta yarda a ci kowane ɗa, zai ɗauke na biyar ɗin nan mai kai da komowa, dokin ya mutu gaba ɗaya, a bar mai shi da bibbiyu marasa cikawa. A majalisar da ta ce ba a taɓa ɗan da ke cikin cikakken jeri kuwa, wannan ɗan ba ya taɓuwa har abada, domin duk inda ya tsaya cikin jeri yake. Iyakar abin da za a iya shi ne a ɗauke ɗaya daga cikin biyun da aka bari a baya. Dokin ya gurgunce, amma bai mutu ba, yana ci gaba da ci sau ɗaya a kowane motsi biyu. Dokar farko tana ba wanda aka danne damar tashi. Ta biyu tana saka wa wanda ya riga kafa tarko. Mutumin da ya shekara ashirin yana wasa da ɗaya, tun daga zubi ba zai ajiye 'ya'yansa yadda mai bin ɗayar zai ajiye ba.

Yaya aka yi wasa mai wannan yawan saɓani ya rayu, ba tare da an watse ba? Da ladabin baƙunta. In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. Baƙo mai hankali yana tambaya tun kafin tsakuwar farko ta faɗa gurbi.

"Baba, kafin mu zuba, a nan ana taɓa na cikin jeri?"

"Ba a taɓawa, ɗana."

"To huɗu fa?"

"Kada ma ka fara."

Shi ke nan an ƙulla, kuma 'yan kallo su ne shaidu. In rigima ta taso a kan abin da ba a ambata ba, sai a juya ga wanda ya fi kowa daɗewa a gindin bishiyar, abin da ya faɗa ya zauna. Tsarin yana aiki, ko da yake ba ya rasa ɓaraka. Akwai dattijon da ba ya tuna wata doka sai lokacin da za ta cece shi, kuma yaro ba ya iya ce wa sa'an ubansa ƙarya yake. Sai ya haɗiye, ya ce "to, Baba," a sake zubi.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wasu Turawa masu kuɗi da ilimi da kwamfuta sun tsinci kansu cikin irin wannan hali a 2015, suka rikice fiye da yadda ɗan dara zai taɓa rikicewa. Wasansu na yaƙi ne a kan tebur. Ana shimfiɗa tebur mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa huɗu, a jera masa tuddai da bishiyoyi da gidaje na roba, kowane ɗan wasa ya kawo rundunarsa ta 'yan mutum-mutumi waɗanda tsayinsu bai wuce gaɓa biyu na yatsa ba: dakaru, mahaya, maharba, har da dodanni. Shi ke sayen su, ya harhaɗa, ya shafa musu fenti ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, aikin da kan ci watanni ko shekaru. Ana auna tafiyar runduna da tef irin na kafinta, ana yanke sakamakon gumurzu da ƙwayoyin lido. Kowane soja yana da farashinsa na maki, sai ɓangarorin biyu su amince, misali, kowa ya zo da rundunar maki 2,000, don kada wani ya fi wani ƙarfi tun daga gida.

Asalin abin ba wasa ba ne. A 1824 wani matashin hafsan sojan Furusiya, wato ƙasar da daga baya ta haɗa kan Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya nuna wa manyansa hanyar koyar da dabarun yaƙi a kan taswira, da 'yan guntayen ƙarfe a madadin bataliyoyi da alƙali a tsakani. Rundunar ta karɓa. Amma dokokin suka yi ta kauri, jadawali a kan jadawali, har hafsoshi suka fara gudun abin. A 1876 wani hafsan, Verdy du Vernois, ya fito da shawarar a ajiye jadawalan, a samu gogaggen soja ya zauna ya yanke hukunci da saninsa. Ashe tun a wancan lokacin suna fama da zaɓin da ke gaban 'yan dara: takarda ko dattijo. Takarda ba ta son kai amma tana da nauyi, kuma ba ta hango komai da komai. Dattijo yana da sauri, sai dai mutum ne. Daga barikin soja abin ya shiga falon farar hula, musamman bayan marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya wallafa dokokin wasa da sojojin yara a 1913.

Kamfanin da ya mayar da shi babbar kasuwa shi ne Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu hedikwatarsa na Nottingham. A 1983 ya fitar da Warhammer, ya yi ta sabunta dokokinsa har bugu na takwas a 2010, littafin da ya haura shafi 500. Shekara 32 mutane suna da uban gida: in an yi gardama a buɗe littafi, in littafi bai warware ba a jira sanarwar kamfani. Sai a tsakiyar 2015 kamfanin ya rufe wasan. A cikin labarin da ake gina wasan a kansa ma, duniyar ce aka tarwatsa ɗungurungum. Ya kawo wani sabo mai suna Age of Sigmar, da dokoki shafi huɗu, babu lissafin maki a farkon fitowarsa, sojoji kuma sun tashi daga kan gindi mai kusurwa huɗu da ake jera su sahu-sahu sun koma kan mai da'ira. Mutumin da ya zuba dukiya da shekaru a kan runduna ya wayi gari babu mai kula da dokar wasansa. Har wani ya cinna wa tasa rundunar wuta, ya ɗauki bidiyo ya saka a intanet.

Sauran da ba su kai ga ashana ba suka rarrabu. Wasu suka ce za su tsaya a bugu na takwas yadda yake, da kurakuransa. Wasu suka koma baya can, har zuwa bugu na uku na 1987, wanda suka yi a ƙuruciya. Wasu suka ɗauki sojojinsu suka koma Kings of War na kamfanin Mantic, wanda dokokinsa suka fi sauƙi. Wasu gwanayen gasa na ƙasashen Turai kuma suka haɗu suka rubuta nasu, suka sa masa suna The 9th Age, suna raba shi kyauta a intanet, da kwamitoci na 'yan sa-kai masu tattara sakamakon gasa su ga wace runduna ta yi ƙarfi da yawa a rage mata. Dole ta sa suka sauya sunayen runduna da na jarumai don kada kamfani ya maka su kotu, kuma da tafiya ta yi tafiya wasan nasu ya yi nisa da na asali, har waɗanda suka zo don begen tsohon suka fara gunaguni. Wani aikin na masoya, Warhammer Armies Project, shi kuma ya riƙe tsohon labarin da sunayensa, ya yi ta gyara dokokin a hankali. Mai runduna ɗaya a kabad ya samu kansa da hanya huɗu ko biyar.

An zubar da tawada mai yawa wajen auna waɗannan dokoki: wacce ta fi adalci tsakanin runduna, wacce ta fi saurin koyo, wacce ta fi riƙe ɗanɗanon da. Duk tambayoyi ne masu kyau. Amma in aka duba abin da mutane suka yi a aikace, wata tambayar ce ta rinjaye su duka: ranar Asabar, su wa zan samu a teburin da ke kusa da gidana, kuma me suke yi? Dokar da ta fi kowacce tsari ba ta amfana wa wanda ba shi da abokin karawa komai. A inda masu shirya gasa suka rungumi The 9th Age, can ta yi ƙarfi. A inda kulob ɗin unguwa ya koma Kings of War, har mai ƙorafi ya bi. Abu na biyu da ya raba su shi ne yawan gyara. Kwamitin da ke sauya doka kowane 'yan watanni yana faranta wa ɗan gasa, amma yana korar magidancin da ba ya samun zama sai sau ɗaya a wata, domin duk zuwan da zai yi sai ya tarar abin da ya haddace ya tsufa. Wanda ya daskare a tsohon bugu kuma ya huta da haddar sabo, amma ɓarakar da kowa ya sani tana nan, mai wayo zai yi ta shiga ta cikinta. Ɗan Zango da ke tambayar "a nan ana taɓa na cikin jeri?" ya riga su gane cewa wurin zama ake fara zaɓa, doka ta biyo baya.

Ba a haɗa sarauta da wasa, amma mutumin Zango ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan yadda abu ke rayuwa a hannun masu riƙo da shi bayan an rasa cibiya. Da jihadi ya iso Daura a farkon ƙarni na 19, Malam Isiyaku ya karɓi birnin, sarkin da ke kan gado, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Zuriyar tsohuwar sarautar ta kafu a Zango, wani reshen a Baure, kowanne yana riƙe da muƙamai da al'adun fada yadda ya gada, kowanne kuma zama ya sa ya ɗan sauya su. Masanin nan M. G. Smith ya rubuta littafi guda, The Affairs of Daura, wanda ya fito a 1978, yana kwatanta yadda tsarin ya kasance a wuraren uku. Da Turawa suka zo suka mayar da Malam Musa daga Zango zuwa gadon Daura a farkon ƙarni na 20, abin da aka adana a waje ne ya koma gida. Masu Warhammer ma sun ga irin nasu komen: a watan Janairun 2024 kamfanin ya dawo da tsohuwar duniyar da sunan The Old World. Da yawa sun koma, ko da yake sai da aka ƙara wa gindin sojoji faɗi. Wasu kuwa suka ce sun saba da cin gashin kansu, ba za su sake miƙa wuya ga wanda ya taɓa yasar da su ba.

Mu ma muna da wasannin da suka zo da uban gida muka sallame shi. Kartar Whot wani Bature ne, William Henry Storey, ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1935. A can an kusa mantawa da ita, a Najeriya kuwa babu garin da ba a buga ta. Cewa mai lamba 2 na sa na kusa da kai ya ɗebi biyu, mai 14 ta tura kowa kasuwa, mai 8 ta tsallake mutum, duk a nan aka raya su. Kuma har gobe ba a gama daidaitawa ba: ana tare 2 da wata 2? Mai lamba 5 tana sa a ɗebi uku, ko karta ce kamar kowacce? Dirafti kuma yana da hukumar duniya tun 1947, da doka a rubuce cewa in hanyar ci biyu ta buɗe dole ka bi wadda ta fi yawan 'ya'ya. Wanda ya koya a tsarin Faransa haka ya sani. A benci da yawa na wannan ɓangaren iyaka kuwa, mutum na zaɓar cin da ya ga dama. Samuwar hukuma a Turai ba ta hana benci yin dokarsa ba.

Barazanar da nake hango wa dara daga wani gefen take. Turawa sun rubuta ta tun tuni. Charles Béart ya bayyana ire-irenta a littafinsa na wasannin Afirka ta Yamma a 1955, R. C. Bell kuma ya kawo ta a nasa littafin na 1960 a matsayin wasan Dakarkari na ƙasar Zuru. Kowannensu abin da ya gani ko aka gaya masa a wani wuri, a wani lokaci, ya rubuta. Daga irin waɗannan bayanai masu shirya wasannin waya ke kwasa, kuma manhaja ba ta san "a garinmu" ba: abin da aka ɗora mata shi kaɗai take yarda da shi, in ka gwada wani motsin ta ƙi. Yaron da ya koyi dara a waya zai zo gindin bishiya da tabbacin cewa shi ke da sahihiyar doka, tsofaffin ne suka ɓata. Alhali abin da ke hannunsa dokar wata majalisa ce guda, wadda ta yi sa'ar haɗuwa da mai alƙalami.

Wannan ba ya nufin kada a rubuta. Ranar da wani ya tashi shirya gasar dara tsakanin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, ladabin baƙunta ba zai wadatar ba, domin a filin gasa kowa baƙo ne, ga kuma kyauta a gaba. Maƙwabtanmu sun yi irin wannan da kokawa: tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa, Nijar take da dokar da ake bi a fafatawar neman takobi, kuma hakan bai hana kokawar ƙauye bayan girbi tafiya da al'adarta ba. Abin lura shi ne a rubuta a saman takardar cewa dokar wannan gasa ce ta wannan shekara. Kada a kira ta dokar dara.

Da za a tambaye ni, gurbi 30 zan zaɓa, don shi aka fi sani kuma wasansa ya fi saurin ƙarewa. A hana jera uku a zubi. A hana huɗu tsayawa a jere kwata-kwata, ba don masu yarda da shi sun yi kuskure ba, sai don hanin yana kashe gardamar janye na gefe tun daga tushe. A kan doki, ina tare da masu cewa a ci kowane ɗa. Dalilina biyu ne. Wasan da wanda aka danne ke iya juya shi ya fi riƙe 'yan kallo, sannan dokar kare jeri tana jawo wata tambayar, wato me za a yi in duk 'ya'yan da suka rage wa mutum suna cikin jeri, kuma duk dokar da ke buƙatar wata dokar ta tallafe ta ƙofar rigima ce. Motsi ɗaya da ya cika jeri biyu, ci ɗaya. Ɗan da ka ɗaga daga gurbinsa, shi za ka tafi da shi. A kuma yanke adadin motsin da in aka yi babu ci za a ce canjaras, abin da ba a damu da shi a gindin bishiya ba tunda can magariba ce ke tashin wasa. Na san gwanin da ya gina sunansa a kan kare jeri zai ce an yi masa fashi, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa waɗanda za su zauna a kan takardar ya kamata su fito daga duka biyar ɗin, a gayyato na tsallaken iyaka su ma su ji, kuma kada a taɓa ta sai sau ɗaya a shekara, kafin a fara, ba ana tsakiyar gasa ba.

Abin da zai fi ba masu shirin wahala bai shafi gurbi ko jeri ba. 'Yan kallo ne. A majalisa, surutunsu rabin daɗin wasan ne: wannan ya yi tsaki, wancan ya ce "kai, Malam, ka duba da kyau," wani ya kama waƙe-waƙen zolaya. Babu mai hana su, kuma wanda ya faɗi yakan samu abin fakewa da shi. A gasa dole a ja igiya a mayar da su baya taku uku ko huɗu, a samo alƙalin da ba garinsu ɗaya da ko ɗaya daga masu karawar ba. Ko da igiyar ma, alƙalin zai buƙaci kunnen da ke rarrabe tarin mura da tarin da ke nufin "duba hagunka."